Fikof ɗin jita uku a gwangwanin Kawu, ba suna ba lamba: wa ya san kansu?

Bazazzagi_Tudu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman waɗanda suka san kan jitar lantarki. Kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, ya rasu bayan ƙaramar sallah, Allah ya jiƙansa. Da ƙuruciya ya yi kiɗa da wata ƙungiya a Sabon Garin Zariya, wajejen shekarun 1970, kafin ya ajiye ya kama aikin jirgin ƙasa. Muna kwashe kayan ɗakinsa a Tudun Wada sai ga gwangwanin biskit, a ciki fikof uku naɗe a tsohuwar jarida. Jitar kanta babu, an ce tuni gara ta gama da ita.

Na farko mai murfin ƙarfe ne, fari amma ya dushe, da kawunan sukuru shida a jere ta gefe guda, wayarsa kuma saƙar ƙarfe ce a waje kamar kitso. Na biyu siriri ne, ba murfi, gindinsa toka-toka. Na uku falele, wata takarda mai ruwan zinari tana leƙowa ta ramukan murfinsa. Na juya su gaba da baya, ko harafi ɗaya ban gani ba.

Wani mai sayar da kayan sauti ya taya duka ukun dubu 15, na ce albarka. Washegari da sassafe ya kira ya ce dubu 60. Wannan tsallen ne ya tsaya mini a rai. Ta yaya ake gane asalinsu, kuma ta yaya ake yi musu kuɗi?

ƊanKwangila:
Allah ya jiƙan Kawu. Ni da na ga fikof uku a gwangwani na ce ikon Allah, yau a-kori-kura ta shiga gwangwanin biskit.

Injiniya_Samaru:
Allah ya gafarta masa. ƊanKwangila, wannan fikof ɗin kunnen jita ne: maganaɗisu da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe in ta girgiza a kansa sai ta haifar da 'yar wuta a cikin wayar, amfilifaya ta ɗauka ta ƙara.

Malam Bazazzagi, kafin komai: kada ka goge su, kada ka sa musu mai ko fetur, kada ka bari kowa ya kusanto su da ƙarfen soda. Tsatsar nan da ke ba ka haushi tana cikin abin da mai saye ke dubawa. Samo mita ka sa ta a om, wato ma'aunin turjiyar waya, ka auna kowanne ka faɗa mana. Sannan ka ɗauko hoton gindinsu da rana, a inuwa, domin labarin fikof a gindi yake.

Riwaya_Muchiya:
Kawo su shago kawai. Shekara 22 ina naɗin koyil na fanka da injin markaɗe. In wani ya ƙone in kwance in sake naɗa maka sabo fil.

Injiniya_Samaru:
Oga Riwaya, don girman Allah a'a. Ba raina sana'arka na yi ba. Wayar fikof lamba 42 ce a ma'aunin Amurka, kaurinta kusan milimita 0.063, kamar silin gashi, numfashi mai ƙarfi ma sai ka ji tsoron ya tsinka ta. Fikof ɗin jitar Stratocaster ta Fender zagaye kusan 8,000 ne, hambaka ta Gibson kuma, wato fikof mai koyil biyu, kusan 5,000 a kowane bobin, robar da ake naɗa wayar a kai. Ko ka samu wayar, wanda zai biya kuɗi mai tsoka tsohuwar wayar yake saye. Ranar da aka kwance ta, ranar kuɗin ya zube.

Baba_Jita52:
Yaro, Allah ya jiƙan kawunka. In a Sabon Gari ya yi kiɗa a waɗancan shekarun, da wuya ban taɓa haɗuwa da shi ba. Bari in rage maka zafin buri tun da wuri. Mu abin da ya fi zuwa hannunmu jitocin Japan ne, sai na Turai: Höfner da Framus na Jamus, Egmond na Holan, Eko na Italiya. Gibson da Fender a bangon faifai muke ganinsu. In ka ga ɗaya ido da ido, to ko na babban mai ƙungiya ne da ya je Legas ya sayo, ko wani Bature malamin jami'a ne zai koma gida ya karyar da kayansa. Hakan yana faruwa, ban ce ba ya faruwa ba. Amma in ka ji takun kofato a Zariya, doki ko jaki za ka fara kawowa a ranka.

Bazazzagi_Tudu:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Injiniya ga abin da mita ta ce da azahar ɗin nan. Mai murfi 8.3k, wato om dubu 8.3. Mai ruwan zinari 5.6k. Siririn ko motsi, mita ba ta nuna komai ba. Gindin siririn kuma akwai wani baƙin ƙarfe dogo manne da gam, kamar gawayi.

Sarkin_Tsirkiya:
To siririn an gama da shi. Fikof ɗin Fender na da, ƙusoshin nan shida su ne maganaɗisun da kansu, na wani haɗin ƙarfe ne da ake kira alniko, suna ratsa faifan sama da na ƙasa, ka juya ka ga gindinsu. Ba a manna musu komai a ƙasa. Wanda aka manna wa baƙin sanda na siramik yawanci kwaikwayo ne mai araha. Toka-tokar gindin ce kawai ta so ta yi kama, domin Fender ta bar baƙin faifai ta koma mai launin toka wajen 1964, dab da kamfanin CBS ya saye ta a farkon 1965. Kuma na lokacin sau da yawa akwai kwanan wata a jiki, da fensir ko da hatimi.

Oga Riwaya, ga naka nan. Wannan in ka kwance ba wanda zai yi kuka.

Riwaya_Muchiya:
Wato mushen ne rabona. Ba komai, a kawo.

Hajiya_GRA:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ɗana, kana ta maganar sayarwa, amma kayan nan ai gado ne. Kawun naka bai bar iyali ba? Ko allura ce sai an sa ta a lissafi.

Bazazzagi_Tudu:
Gaskiyarki Hajiya. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, ni ɗan aike ne kawai, su suka ce in bincika. Abin da ya sa ma nake jin tsoro ke nan. In na sallama a dubu 60 daga baya aka ji ya fi haka nesa, da wane ido zan kalli 'yan uwana?

Hajiya_GRA:
Madalla. To duk tayin da aka yi ka riƙa sanar da su, kuma ranar ciniki a samu shaida.

Injiniya_Samaru:
Mu koma kan mai murfin, shi ne wanda mutumin ka ke hari, ba na ko shakka. Hambaka ce a siffa. Seth Lover ne ya ƙirƙiro ta a Gibson, aka nemi rajistar fasahar a 1955, ta fara hawa jitar Les Paul a 1957, rajistar ta fito a 1959. Koyil biyu ne da aka haɗa kishiyar juna don su kashe ƙugin wutar lantarki. Na farkon nan ake kira PAF saboda 'yar baƙar sitika da ke gindinsu mai rubutun "Patent Applied For". Wajen 1962 aka canza sitikar zuwa mai lamba 2,737,842. Abin dariya, lambar ma ba ta fikof ɗin ba ce, ta wani ƙarfen ɗaure tsirkiya ce. Daga tsakiyar shekarun 1960 kuma aka shiga waɗanda ake kira T-top, masu harafin T a saman bobin.

Abin da ya shafe ka: rashin sitika bai kore Gibson ba. Na farko-farkon 1957 ba a manna musu komai ba, kuma sitikar irin ta ruwa ce, tana ɓarewa. In ta ɓare takan bar inuwarta, wani ɗan murabba'i da launinsa ya bambanta da sauran ƙarfen. Daga tsakiyar shekarun 1970 ne suka koma buga lambar a jikin ƙarfen, wadda ba ta gogewa. Duba da kyau ko akwai wannan inuwar.

Batun 8.3k kuma, kada kowa ya yi rawa tukuna. Jan ƙarfe yana ƙara turjiya da zafi, kusan kashi 0.39 cikin 100 a kowane digiri. Alƙaluman da ake yawo da su a intanet a ɗaki mai sanyi aka auna, wajen digiri 20. Kai ka auna da azahar a bazarar Zariya, mu ce 38. In ka cire bambancin, 8.3 ɗinka ta dawo wajen 7.7 ko 7.8. PAF kan kama daga 7 da ɗoriya har kusan 9 saboda ba a tsayar da injin naɗin a lamba guda ba, T-top kuma suna taruwa wajen 7.5. Na Japan da yawa su ma nan suke. Ka ga mita ta ce mana yana da rai, ta kuma ce ba irin fikof ɗin Super Distortion na kamfanin DiMarzio ba ne da ya fito a farkon shekarun 1970 mai sama da 13k. Iyakar abin da ta sani ke nan.

ƊanKwangila:
Wato fikof ma yana jin zafin bazara. To a jira hunturu a sake aunawa.

Sarkin_Tsirkiya:
Wasa kake amma da asuba in ya auna zai ga ta sauka. Injiniya, ka manta abu ɗaya. Jitocin Japan na farkon shekarun 1970 da yawa murfin hambaka ne a waje, a ciki koyil ɗaya tal. Bazazzagi, jona shi a amfilifaya, ka ɗan ƙwanƙwasa murfin da bakin sukundireba, layin sukuru da kuma ɗaya gefen da ba sukuru. In duka biyun sun amsa, kuma ƙugin bai kai na mai ruwan zinarin ba, koyil biyu ne da gaske.

Sannan ƙafafunsa biyu da ake ɗaure shi da su. Na Gibson na wancan zamani akwai wani ɗan tabo mai siffar L da injin lanƙwasa ƙarfen ya bari. Sukuru huɗu da ke riƙe bobin daga ƙasa yawanci na tagulla ne. Ta gefe in ka haska tocila za ka iya hango ɗan katako siriri da aka yi waigi da shi a ƙarƙashin bobin. Tsakanin sukurun farko da na shida kuma milimita 49 da 'yan kai.

Mama_Wusasa:
Ni ban san lambobin nan naku ba, amma ina da labari. A ɗakin ajiyar mawaƙanmu akwai wata tsohuwar jita da wani ɗan mishan ya bari tun ina yarinya. Shekarun baya wani saurayi ya zo ya ce zai gyara mana kyauta, don Allah. Ya dawo da ita tana walƙiya, fikof sababbi, tsofaffin ya ce sun mutu ya zubar. Har addu'a muka yi masa. Sai da ɗan yayata ya dawo hutu ya gani ya riƙe kai. Har yau ban san abin da muka rasa ba, wataƙila ba komai, amma mai kiɗa mana ya ce muryarta ba ta koma yadda take ba. Ɗana, kada ka bar su su kwana a hannun kowa.

Dillali_PZ:
Ku bar ni in yi magana a matsayina na wanda kuke zagi a kaikaice. Kuna ta PAF dubban daloli. E, haka ne, na gasken guda ɗaya dubban daloli ake sayar da shi a Amurka, T-top kuma ɗaruruwa. To a ina? Wa zai ba ka wannan a Kasuwar Sabon Gari? Mai sayen yana can ƙetare, bai san ka ba, ba ka taɓa sayar da ko tsinke a kasuwannin intanet irin su Reverb ko eBay ba, kaya daga Najeriya, ba sitika, ba jitar da aka ciro shi. Ga kuɗin aikawa, ga la'adar dandalin, ga yiwuwar ya karɓa ya ce jabu ne a mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya taya dubu 60 shi ma caca yake. In na Japan ne ya yi asara ko ya tashi babu riba.

Kuɗin abu shi ne abin da wani ya zaro daga aljihu ya bayar. In za ku duba intanet, ku duba waɗanda aka riga aka sayar, ku bar kallon farashin da mai kaya ya rubuta yana mafarki.

Injiniya_Samaru:
Maganarka ta ƙarshe na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ta farkon ce da sauran zance. Wahalar sayarwa dalili ne na rage farashi, amma ba dalili ba ne na sayarwa a makance. A fara sanin mene ne.

Uwar_Biyu:
Ni tambayata, in sitikar ce hujja, ba sai a buga a manna ba? Nan ma ai muna da masu buga sitika.

Sarkin_Tsirkiya:
Ana yi kuwa, Yaya. Akwai masu ƙera sababbi su tsofar da su da gangan, har tsatsa da sitika. Wasu a fili suke yi, kamar kamfanin Seymour Duncan da ke da jerin da ya kira Antiquity, ba yaudara a ciki. Wasu kuma don cuta. Shi ya sa masana ba sa tsayawa kan alama ɗaya. Sai sun haɗa launin wayar, wadda a PAF take da duhu kamar ruwan zoɓo mai kauri kafin a koma mai ja-ja mai haske a shekarun 1960, da ɗan rami mai kusurwa huɗu da zobe kewaye da shi a saman bobin, da tsawon maganaɗisu, inci 2.5 a na farko kafin a rage shi wajen 1961. Har sansana robar bobin suke yi, domin irin robar tana da wani tsami-tsami in ta tsufa. Matsalar ita ce yawancin waɗannan sai an cire murfi ake ganinsu.

Abin da ke taimakon Bazazzagi shi ne ba wanda zai ƙera jabu ya je ya ɓoye a gwangwanin Kawu shekara arba'in.

Baba_Jita52:
Kun bar mai ruwan zinarin a baya kamar maraya. Shi na sani, shi na yi kiɗa da shi. Irinsa ke kan jitocin Teisco na Japan na shekarun 1960. A lokacin raina su muke yi, in ka matsa kusa da lasifika sai ya yi ta ihu, ka yi magana a kansa ma ya ɗauka kamar makirfo. Yanzu jikana ke gaya mini Turawa na nemansu tun da makaɗin jitar nan na Amurka Ry Cooder ya ɗora irinsa a jitarsa. Duniya ke nan. Amurkawa ma sun yi masu takardar zinari, na DeArmond da ke kan jitocin Harmony, amma su yawanci da ƙusa ake dasa su a jikin faifan jitar.

Dillali_PZ:
Baba ya taɓo inda kuɗin da ake iya gani yake. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike, hoto ya isa a gane shi, kuma yana aiki. Ba zai sayi fili ba, amma shi kaɗai zai iya haura tayin farko da aka yi wa duka ukun.

Bazazzagi_Tudu:
Ga rahoto. Na kai wa wani abokina mai amfilifaya a Kongo, a gabana aka gwada. Gefe biyun duk sun amsa, ƙugi kaɗan ne. Sukurun ƙasa huɗu ne, launin tagulla. Ƙafafun sun yi datti, ɗaya kamar akwai tabo, ɗaya ban ga komai ba, kuma na ji tsoron kankarewa. Inuwar sitika wallahi in na kalla ta nan sai in ga kamar akwai, in na juya sai ta ɓace. Dalmar da ta riƙe murfin, gefe ɗaya ta dushe ta kwanta lafiya, ɗaya gefen kuma dunƙule ce mai ƙyalli.

Na kuma samo hoton Kawu a wajen matarsa, baƙi da fari, yana riƙe da jita mai siffar Les Paul. Sai dai hasken fitila ya faɗi daidai kan sunan.

Injiniya_Samaru:
Kash. Hoton ka adana shi da kyau, yana cikin hujja. Amma siffa kaɗai ba ta raba gardama, domin kamfanonin Japan sun kwaikwayi Les Paul har da yankan kan jitar, abin da ya kai Gibson ta shigar da ƙara a 1977 kan masu shigo da jitocin Ibanez na Japan Amurka. Da jitar na nan da mun duba bayan boliyum ɗinta, lambar da ta fara da 137 ta kamfanin CTS ce, 134 ta kamfanin Centralab, sauran lambobin su ba ka shekara da mako. Gara ta cuce mu.

Ga gwajin da ba ya ɓata komai. Samo sukurun M3, irin na cikin kwamfuta. Gwada shi a ramin ƙafar da yatsu kawai, ban da sukundireba. Na Japan da yawa M3 suke ci. Ramin Gibson na inci ne, 3-48, ya fi ƙanƙanta, M3 ba zai shiga ba.

Bazazzagi_Tudu:
Bai shiga ba.

ƊanKwangila:
Allahu akbar! Alhaji Bazazzagi, ka tuna da mu a zauren nan tun kana talaka muke tare.

Sarkin_Tsirkiya:
A yi a hankali. Wannan ya rage zargi ne kawai. DiMarzio da Seymour Duncan su ma sukurun inci suke amfani da shi, kuma akwai sukurun milimita da bai kai M3 ba. Ni dunƙulen dalmar nan ta fi ɗaukar hankalina. Wani ya taɓa buɗewa. Tunda an riga an buɗe, ni a ganina a samu mai hannu ya sake ɗaga murfin a ga bobin. In T ce a kai an huta, in rami mai zobe ne a san inda aka dosa.

Injiniya_Samaru:
Ban yarda ba. Gefe ɗaya ne aka taɓa, wataƙila murfin ne ya saki aka liƙe. Ɗaya gefen na asali ne, kuma zafi kaɗan ya wuce kima robar bobin ta narke ko wayar ta tsinke. A tura hotuna masu kyau ga masu wannan harkar a waje tukuna, in mai saye na gaske ya ce a buɗe, a buɗe a gaban kyamara.

Sarkin_Tsirkiya:
Su ma abin da za su fara cewa ke nan, a nuna musu bobin. Kana jinkirta abin da ba makawa.

Riwaya_Muchiya:
Ni dai ina da ƙarfen soda mai kyau.

Mama_Wusasa:
Oga Riwaya ka zauna.

Hajiya_GRA:
Buɗewa ko rashin buɗewa, masu kayan za a tambaya. In ya lalace a hannunka ba da izininsu ba, kai za ka biya.

Bazazzagi_Tudu:
Haka ne Hajiya, gobe zan je gidan in karanta musu duk abin da aka faɗa. Mutumin ya sake kira bayan magariba, yanzu mai murfin kaɗai yake so, dubu 100. Na ce masa kayan marayu ne, sai an yi shawara. Injiniya, in kana gida ranar Asabar bayan la'asar zan shigo Samaru da su ka gani da idonka, Sarkin_Tsirkiya ma in zai samu zuwa ku ƙarasa gardamar a can.

Dillali_PZ:
Dubu 100 a hannu dai ba wasa ba ce. In ya janye kada a ce ban faɗa ba.

Baba_Jita52:
Yaro, turo mini hoton nan ta akwatin sirri. Bar batun jitar, mutanen da ke tsaye a bayansa nake son gani. In akwai wani dogo mai tsagar Bagwari riƙe da sandunan ganga, to na san ƙungiyar, kuma in yana raye shi zai gaya maka inda kawunka ya samo ta.